Gogen Kwamfuta a Kan Fiyanon Baba

Ranar Litinin da na tashi daga aiki, maimakon in nufi gidana, gidanmu na nufa, da kwamfuta a jaka, ina tafe ina tsaki. A gidan rediyo nake aiki, ni ke haɗa sautin talla. Awa takwas nake yi da abin sauraro a kunne, ina sa wa mai tallan sabulu kiɗa a bayan murya, ina yanke tarin mai tallan maganin tari. In na tashi ba abin da nake so a duniya kamar shiru. Amma Umma ta kira ni sau uku tun safe, a na ukun ko gaisuwata ba ta amsa ba, cewa kawai ta yi, "In kin ga dama ki zo. In ba ki ga dama ba, ki bar ubanki ya dawo gida ya zauna mini a ka."

Baba mai fiyano ne. Shekara ashirin da biyu yana yi wa mawaƙiya ɗaya kiɗa, wadda kowa ke ce wa Hajiya, duk Asabar a zauren wani otal. Fiyanon nasa irin mai aikin mutum biyar ɗin nan ne: ka dafa madannan hagu, ganguna da bes da jita su taso da kansu su bi ka duk inda ka nufa, hannun dama kuma ya yi ta zuba waƙa a kai. Da wannan akwatin aka ciyar da mu, aka sa mu makaranta. To yanzu Hajiya ta ce kiɗan ya bushe mata. Mijin ƙanwarta, wani mai situdiyo da ake ce wa Injiniya, ya kunna mata kiɗan da ya haɗa a kwamfuta, ta ji goge kamar arba'in suna kuka tare, shi ke nan kunnenta ya buɗe. Ta ce wa Baba ranar Alhamis za a yi gwaji a falonta. In kiɗansa ya cika kamar na Injiniya, to. In bai cika ba, Injiniya ne zai hau dandamali ranar Asabar, da duk Asabar ɗin da ke bayanta.

Na tarar da shi a ƙaramin ɗakin da ke bakin ƙofa, ya yaye wa fiyanon mayafi yana goge shi da tsohon hankici.

"Uwata, kin iso?" Haka yake kirana in yana son wani abu a wurina. In ba ya so, sunana "ke".

"Na iso, Baba. Sannu da gida."

"Ni fa ban ce a kira ki ba. Uwarki ce da shisshigi. Wannan abin da kike gani ba abin da ya rasa."

"To in koma?"

"Tun da kin riga kin ɓata kuɗin mota, zauna."

Na zauna na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce waya ɗaya ce za ta fita daga bayan fiyanonsa ta shiga kwamfutata. Ba sauti take ɗauka ba, saƙo take kaiwa: an danna madanni kaza, da ƙarfi kaza, an sake shi. A cikin kwamfutar akwai goge da sarewa, su kuma in saƙon ya iso sai su buga abin da ya buga, a kan sautinsa. Kiɗansa yana nan yadda yake, riga kawai za mu ɗora masa.

Ya kalli wayar a hannuna. "Wato 'yar gulma ce."

"Saƙo kawai take kaiwa, Baba."

"Haka duk magulmata ke cewa."

Jona wayar kaɗai ya ci mana minti ashirin, saboda bai yarda a juya fiyanon ba. Sai da na durƙusa a bayan fiyanon tsakanin bango da ƙafar tebur, ina haskawa da fitilar wayar hannu, shi kuma yana tsaye a kaina. Kar ki ja. Kar ki jingina. Hannunki ba mai? Ni da ake biya albashi don in taɓa na'urorin da suka fi wannan tsada sau goma, yau ni ake tambaya ko hannuna da mai.

Da ya kunna kiɗan ya dafa hagu, abin da ya fito daga lasifikar ban taɓa jin irinsa ba. Kamar an taka wutsiyar kyanwa arba'in lokaci guda. Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana salati. Baba ya ɗaga hannuwansa sama, fuskarsa cike da murna.

"Kin ji ko? Kin ji rigar da za a ɗora mini?"

Wannan laifina ne, na amsa. Fiyanon yana aika saƙo ta hanyoyi goma sha shida, na ganguna daban, na bes daban, na jita daban, ni kuma na bar wa gogen duka ƙofofin a buɗe, su kuma bayin Allah har ganguna suke ƙoƙarin bugawa. Na rufe sha huɗu, na bar ta hannun dama da ta hagu. Aka sake. Yanzu gogen sun natsu, amma a makare suke zuwa, ya danna sai an yi ɗan jim su amsa. Baba ya ce ko malalatan da ya yi aiki da su a ƙuruciya sun fi su hanzari. Na danne zuciyata na rage jinkirin har ya ɓace.

Sai ya buga waƙar farko, wadda Hajiya ke buɗe taro da ita.

Ba zan yi ƙarya ba, tsigar jikina ta tashi. Waƙar nan na ji ta ya fi sau dubu, ta bangon ɗakin nan na yi ta jin ta tun ina firamare, amma ban taɓa jin ta da faɗi haka ba. Gogen suka kwanta a ƙarƙashin sautin Baba suka ɗaga shi. Umma ta tsaya a bakin ƙofa ta manta da tukunya. Baba ya kai ƙarshe, ya cire hannu a hankali, ya ɗauki hankici ya goge wurin da ba ƙura.

"Ba laifi," in ji shi.

Na ce a zuciyata aiki ya ƙare, zan kai gida kafin magariba. Ya shiga waƙa ta biyu.

Daga dannawar farko na ji haƙorana sun mutu. Fiyanon yana wani wuri, gogen suna wani wuri can sama da shi, kowa yana bin waƙar daidai amma ba a murya ɗaya ba, kamar mata biyu masu gaba an sa su waƙa tare. Ya tsaya, ya sake. Haka. Muka koma waƙar farko, lafiya lau. Ta uku, ɓarna. Ta huɗu, ɓarnar ta ma fi.

"Ke! Me kika taɓa?"

"Ban taɓa komai ba, Baba. Ga hannuwana."

"To ita ta taɓa kanta? Shekara nawa ina buga waƙar nan, yau ne za ta karkace?"

Na duba gogen, na duba sarewar, na kashe kwamfutar na kunna, na cire waya na mayar, wanda ya sa na sake durƙusawa a bayan tebur. Har aka kira magariba ban gano komai ba. Da zan tafi Baba ya raka ni bakin ƙofa yana cewa ai dama ya faɗa, kayan zamani kyan gani ne kawai, kuma da makarantar da aka sa ni ta koyar da wani abu da yanzu an gani. Na ce masa sai da safe da muryar da ban saba yi masa magana da ita ba.

Ranar Talata na roƙi ogana ya sake ni da azahar. Na biya kasuwa na sayi sabuwar waya, ko da tsohuwar ce ke da aljanu. Ba ita ba ce. Waƙar farko lafiya, sauran ɓarna, kamar jiya. Kaina ya ɗau zafi. Na ce masa ya buga mini waƙa biyar a jere, kar ya tsaya ko da gogen za su fasa lasifika, zan ɗauki saƙon da wayar ke kawowa in duba shi da ido.

A kwamfuta, duk madannin da aka danna yana fitowa kamar ɗan bulo a kan layinsa, layukan fararen madannai daban, na baƙaƙe daban. Na jera waƙoƙin biyar na zuba musu ido. Ta farko, duk bulon a kan fararen layuka. Ta biyu, haka. Ta uku, ta huɗu, ta biyar, ko ɗaya babu a kan baƙi. Waƙa biyar da kunnena ya ji a murya huɗu daban-daban, amma yatsun da suka buga su ba su gusa daga wuri ɗaya ba.

Na ce, "Baba, sake mini ta uku."

Wannan karon ban kalli kwamfuta ba, hannunsa na kalla ta wutsiyar ido. Kafin ya fara sai ya gyara hannun rigarsa ta hagu, kamar yadda yake yi tun da na san shi. Kuma a cikin gyaran rigar, babban yatsansa ya sauka kan wani ɗan maɓalli a kusurwar fiyanon, taf, taf, taf, sau uku. Rubutun da ke kan maɓallin ya goge tas don dannawa. Na san shi sarai, kowane fiyano yana da shi: shi ne mai ɗaga kiɗa gaba ɗaya ko ya sauke shi mataki-mataki, yatsunka suna inda suke. Fiyanon yana jin maɓallin ya sauya muryarsa, amma ta waya yana aika wa kwamfuta ainihin inda yatsun suka sauka. Gogen ba su yi ƙarya ba ko sau ɗaya.

Abin da ya fara zuwa mini haushi ne, haushi mai zafi. Kwana biyu ana zagin kwamfutata da makarantata da hannuna mai mai, ashe mai laifin yana cikin hannun riga. Bakina har ya buɗe. Sai na tuna yadda ake yabon Baba a gari, mutumin da duk inda muryar mawaƙi ta hau zai hau, inda ta sauka zai sauka, ba ya tambaya. Shi kansa da wannan yake tinƙaho a kan tabarma in abokansa sun zo. Ba wanda ya koya masa, a shagon wani mai gyaran rediyo ya koyi danna abin nan da kansa, kuma ga shi ashe murya ɗaya ya koya, ta fararen madannai, ya riƙe ta shekara talatin ya ciyar da gida da ita. Kunya ta rufe ni, kamar na turo ƙofa na tarar da shi yana canza kaya. Na rufe bakina.

Da aka kira la'asar ya fita masallaci, bayan ya gargaɗe ni kar in taɓa masa komai. Ƙafarsa na fita na hau taɓawa. Littafin fiyanon ya ɓace tun kafin a yi mini aure, saboda haka sai na yi ta shiga shafi ina fita a ɗan koren allon nan nasa mai kamar akwatin ashana. Can cikin shafi na tara na sami layin da nake nema, inda ake zaɓar ko a aika saƙon kafin a sauya murya ko bayan an sauya. Na juya shi. Na danna maɓallin sau uku na buga, gogen suka sauka tare da fiyanon kamar tagwaye. Na ɗaga, suka ɗaga. Aikin minti biyu. Ban da layin da na juya, na mayar da komai yadda yake, har hankicin na ajiye a inda na same shi.

Ya dawo yana jan carbi. Na shirya ƙaryata tsaf.

"Baba, na gano. Bakin wayar ne bai zauna daidai ba. Na gyara, gwada ta uku ka ji."

Ya tsaya ya kalle ni, ya kalli fiyanon. Ya zauna ya gyara hula.

"Na yi tunani a hanya," in ji shi. "Ranar Alhamis waƙa uku kawai za mu yi." Ya lissafa su. Duk ukun waɗanda ba sa buƙatar maɓalli ne.

"To, amma gwada ta ukun nan ta ɗazu, don mu tabbatar."

"Ta tsufa. Mutane sun gaji da ita."

"Ta huɗun fa?"

"Ita ma."

"Baba, ita ce Hajiya ke rufe taro da ita duk sati!"

"Ke za ki gaya mini abin da Hajiya ke rufe taro da shi?"

Nan na gane shi ma ya gano. Baba ba wawa ba ne, yana tafiya masallaci yana haɗa lissafi, ya ga duk waƙar da ya gyara mata hannun riga ita ce ke karkacewa. Abin da bai sani ba shi ne an riga an gyara. Ni kuma ba ni da hanyar gaya masa sai in ce na ga yatsanka. Shi ba zai gwada ba don kar in gani, ni ba zan faɗa ba don kar ya san na gani. Haka muka zauna a ɗaki ɗaya kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asirin da ya riga ya tonu.

Laraba na sake gwada duk dabarar da na sani. Na ce ina son in ji sarewar a ƙasa, ya ce sarewa a sama take daɗi. Na ce muryata ba ta kaiwa, zan raira masa ya sauke mini, ya ce wa ya ce miki kin iya waƙa. Na miƙa hannu kamar zan ɗauki hankici in dafa maɓallin bisa kuskure, ya buge mini hannu kamar 'yar shekara shida. Na shiga kicin na sha ruwa kofi biyu a tsaye. Umma ta ce me ya faru, na ce mijinki zai sa mini hawan jini. Ta ce ita ya riga ya sa mata, in bi layi.

Daga ƙarshe na haƙura. Na ce wa kaina waƙoƙin ukun sun yi kyau, sun isa. In ma ta kama a sauya murya, yatsan da ya yi shekara talatin yana zuwa wuri ɗaya zai je da kansa, ba sai ya nemi izinin mai shi ba. Wannan ita ce wautata.

Ranar Alhamis da hantsi muka shiga falon Hajiya, Baba ya rungumi fiyanon, ni ina ɗauke da jaka da lasifika. An ture kujerun gefe. Hajiya na zaune a babbar kujera da kofin ruwan zafi da tsumman hanci a cinya, mura ta kama ta. Mai jita yana nan, tsohon abokin Baba, wanda suka fara aiki da Hajiya a shekara ɗaya. Injiniya kuma ya harɗe a gefe da baƙin tabarau cikin ɗaki, jakarsa a kan gwiwa. Ya dubi fiyanon Baba ya ce, "Kai, ashe har yanzu akwai irin wannan a duniya." Baba ya yi kamar da bango ake.

Na jona komai, na sa abin sauraro a kunne don in riƙa jin ma'aunin gogen da na fiyanon, na ɗaga wa Baba yatsa.

Waƙar farko ta fito fiye da yadda ta fito a gida. Hajiya ta ajiye kofi. Mai jita ya buɗe baki ya kalli lasifikar, ya kalli Baba. Injiniya ya cire tabarau. Da Hajiya ta shiga da murya, duk da murar, na ga ta lumshe ido a wurin da gogen ke tasowa. Na ce alhamdu lillahi, saura biyu mu tafi gida.

A ta biyu ta kai tsakiya muryarta ta tsage a sama. Ta ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya. Ta yi tari, ta kurɓi ruwan zafi. Na ɗan zame abin kunnen na ji tana cewa, "Malam, yau maƙogwaron ba ya hawa. Sauke mini kaɗan, mataki ɗaya." Na mayar da abin kunnen.

Mataki ɗaya. Dannawa ɗaya ce. Na ga hannunsa na hagu ya tashi ya nufi hannun riga, zuciyata ta ce yawwa. Sai hannun ya tsaya a iska. Ya kalli kwamfutata kamar mai kallon kare a ƙofar gida. Ya dawo da hannun, ya matsar da duka biyun gefe kaɗan, ya ɗora yatsunsa a kan baƙaƙen madannai.

Duk wanda ya san fiyano ya san mataki ɗaya ƙasa da inda Baba ke zaune nan ne wurin da ya fi ko'ina baƙaƙe, biyar cif. Mutumin da bai taɓa kwana a can ba ya je da shekara sittin da uku, a gaban Injiniya.

Hannun hagu ya faɗa wurin da ba nan ba. Kuma irin wannan fiyanon ba ya gardama, inda ka nufa nan bes da jita za su bi ka, ko rami ne. A bayansu kuma ga gogena arba'in, masu biyayya, sun ɗauki kuskuren sun faɗaɗa shi sun cika falon da shi. Ya tsaya. Ya ce a yi haƙuri. Ya sake. Wannan karon hagu ya dace, dama ya zame. Gumi ya tsatso masa a ƙarƙashin hula. Mai jita ya sunkuyar da kai yana murɗa wata igiya da ba ta buƙatar murɗi. Hajiya ta daina waƙa tana kallonsa. Ta gefen idona na ga Injiniya ya fara zuge zif ɗin jakarsa, a hankali, da ladabi.

Ban san lokacin da raina ya gama ɓaci ba. Kwana huɗu, durƙuso a bayan tebur, ƙarya, bugun hannu, duk don kar mutumin nan ya ji kunya, ga shi yanzu ya ɗauki kunyar da hannunsa yana rabawa, kuma aikin shekara ashirin da biyu yana fita ta ƙofa. Na matsa kusa da shi, na ce bari in raɗa masa.

"Baba, don girman Allah danna maɓallin nan naka! Na gyara tun Talata!"

Duk mai aiki da abin sauraro ya san ƙa'ida ta farko: in za ka yi magana, cire shi. Shekara tara ina yi wa sababbin ma'aikata dariya a kan wannan. Ni a kunnena raɗa na yi. Da na ga fuskokinsu na san har mai gadi a bakin get ya ji.

Na cire abin kunnen. Baba bai kalle ni ba, madannai yake kallo. Na so ƙasa ta tsage in shige, kuma duk da haka haushin bai sake ni ba, kunya da haushi suna cina tare.

Injiniya ne ya fara motsi. Ya miƙo wuya. "Wane maɓalli ke nan?"

"Na fiyano," in ji mai jita, bai ɗago ba. "Kai dai riƙe jakarka."

Hajiya ta share hanci, ta ninke tsumman. "Malam, ruwan nan yana hucewa. A danna mana abin da za a danna, mu ji."

Baba ya ɗaga hannun hagu. Bai gyara riga ba. A fili, kowa na gani, ya ɗora babban yatsa ya danna sau ɗaya, ya mayar da hannuwansa kan farare. Kiɗa ya tashi, gogen suka sauko tare da shi ba ko gargada. Hajiya ta shiga, muryar ta zauna daram. Ta gama wannan ta ce a yi ta rufe taro, wadda aka ce ta tsufa, a sauke mata uku. Ya danna uku. Tun da nake jin kiɗan Baba ban taɓa jin ya buga kamar ranar ba, kuma fuskarsa ko motsi ba ta yi, kamar mai cika takarda a ofis.

Da aka gama Hajiya ta ce wa Injiniya ya gaida gida. Ta juyo wurinmu.

"Asabar ƙarfe huɗu. Ku biyu. In babu gogen nan kar ma ku zo."

Na buɗe baki in ce ni fa ina da aiki, ina da miji, Asabar ce kaɗai ranar da nake wanki da hutawa. Ba wanda ya tambaye ni. Na naɗe wayoyina.

A tasi muka zauna a baya, fiyanon a kwance a kan cinyoyinmu, kansa a wurin Baba, ƙafarsa a wurina. Ina ta shirya ban haƙuri a raina, in na shirya sai in ji wata zuciyar ta ce shi ya kamata ya ba ni. Direba ya kunna rediyo, tallan sabulun da na haɗa ya fito, ya kashe.

"Tun Talata," in ji Baba, yana kallon taga.

"Tun Talata."

"Kika ce bakin waya ne."

"Kai ma ka ce waƙar ta tsufa."

Na ga yana shafa gefen fiyanon da tafin hannu. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Wallahi na ɗauka a hankali na faɗa."

"Ke tun kina jaririya ba ki san a hankali ba."

Muka shiga layinmu, motar tana tsalle a ramuka, muna riƙe da abin mu biyu kar ya zame. Sai da direba ya fara rage gudu sannan ya sake magana, har yanzu bai juyo ba.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Ranar Asabar, a zauren nan, mutane suna zama har ta gefen dandamali. Teburinki ki ajiye shi ta haguna, dab da kusurwar fiyanon." Ya ɗan yi gyaran murya. "Kuma murfin kwamfutar, ki ɗaga shi sosai."